Buga ces da kwamfuta yana ƙara wa mutum hannu kuwa?

Abdul Samaru:
Salam 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a wasan nan, buga ces (chess) da kwamfuta yana ƙara wa mutum hannu da gaske ko cin lokaci ne kawai? Abin da ya sa na tambaya, a Lichess, shafin buga ces na intanet, ina cin injinsu Stockfish mataki na 4 ba wata wahala, na 5 ma wani lokaci ina samunsa, amma da zarar na zauna da mutum ido da ido sai lissafi ya ruɗe min, har wanda na san na fi shi karatun wasan sai ya cinye ni. Za a yi zaɓen 'yan wasa a tsangayarmu nan ba da jimawa ba kuma ina son shiga, shi ya sa nake so in san ko in ci gaba da wayar ko in ajiye ta.

Ɗan Gyallesu:
Wslm. Ajiye ta kawai malam. Kwamfuta ba ta jin tsoro ba ta gajiya ba ta da agogo a kanta, kai kuma ranar gasa mutum za ka tarar ba inji ba.

Injiniya:
Haba Ɗan Gyallesu, ya ajiye ta gaba ɗaya? Yau a duniya akwai babban ɗan wasa ɗaya da ba ya shiri da inji? Tun Mayun 1997 da injin Deep Blue na kamfanin IBM ya ci zakaran duniya na lokacin Garry Kasparov a New York da maki 3.5 da 2.5 magana ta canza, kuma fa shekara ɗaya kafin nan a Philadelphia Kasparov ne ya ci 4 da 2, ka ga cikin shekara ɗaya aka juya masa. Yanzu Stockfish ɗin da ke cikin wayar Abdul ya fi wancan Deep Blue ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsohon zakaran duniya Magnus Carlsen mafi girman makin ƙwarewa da ya taɓa kaiwa 2882 ne a 2014, Stockfish kuwa a jerin injuna ana sa shi sama da 3500. Malami irin wannan kyauta a aljihunka ka ce a ajiye?

Ɗan Gyallesu:
To ai ka faɗa da bakinka, abin da Carlsen ba zai iya ci ba shi za ka ce Abdul ya yi ta karawa da shi?

Malam Lawal Kongo:
Wa alaikumus salam Abdul. Ku biyun nan kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, amma ba ku taɓa ainihin abin da ke damun yaron ba. Abdul, matsalar tana cikin yadda ake rage wa injin ƙarfi ne. Stockfish na mataki 4 ba wani rarraunan ɗan wasa ba ne da yake tunani irin naka, shi ne dai wancan mai ƙarfin, sai aka taƙaita zurfin lissafinsa kuma aka sa shi ya riƙa barin tafiya mafi kyau da gangan yana ɗaukar wata maras kyau jefi-jefi. Shi ya sa za ka ga ya yi tafiya goma masu tsafta kamar gwani, sai kawai ya ɗauki dokinsa ya ajiye a gidan da sojanka zai ci, ba dalili ba tarko ba komai. Kai kuma ba ka sani ba ka koyi wani hali, wato ka tsare gidanka ka zauna jiran kyauta. Kuma kyautar tana zuwa, sai ka ci wasa ka ɗauka kai ka gina cin.

Mutum ba haka yake kuskure ba. Kuskuren mutum yana da tushe, ko kwaɗayin soja ɗaya ya ja shi ya bar sarkinsa a buɗe, ko ya tsorata da harin da ba shi da haƙori ya ja da baya, ko ya ƙwallafa rai a kan shirinsa ya manta kai ma kana da naka, ko lokaci ya ƙure masa. Irin wannan kuskuren sai ka matsa masa kafin ya fito, ba ya faɗowa da kansa. Wanda ya saba da jira idan ya haɗu da mutum mai haƙuri sai ya rasa abin yi a tafiya ta goma sha biyar, ya fara motsa kaya ba manufa, daga nan shi ke nan.

Abdul Samaru:
Malam wallahi kamar kuna tsaye a bayana. Daidai wurin nan nake rikicewa, an gama fito da kaya, sarki ya shiga lungu, sai in rasa me zan yi kuma.

Hafsat:
Ni abin da zan ƙara a kan na Malam, akwai wani inji mai suna Maia a Lichess, ka nemo maia1, maia5 da maia9. Shi ba rage masa ƙarfi aka yi ba, an koyar da shi ne da miliyoyin wasannin mutane domin ya yi tafiyar da mutum mai wannan matakin zai yi, na farkon kamar mai maki 1100, na tsakiya 1500, na ƙarshen 1900. Masu bincike ne na jami'o'in Toronto da Cornell tare da Microsoft suka yi shi. Kuskurensa yana kama da na mutane sosai, zai bi sojan da ka sa masa a baki, zai manta layin baya. Sai dai yana buƙatar data, kuma duk da haka ba ya maye gurbin zama gaban mutum, saboda hannunka ba ya rawa a gabansa.

Ɗan Gyallesu:
Yawwa Hafsat, rawar hannun nan ita nake nufi. Kuma a waya akwai maɓallin komawa baya, ka yi ɓarna ka danna ka gyara. A kan allo in ka taɓa to ka taɓa, dole ka motsa shi, in ka saki kuma ya zauna. Na ga yaro a wata gasa nan Zariya ya kai hannu kan sarauniyarsa, yatsunsa na kanta sannan ya hango dokin da ke jiransa a gidan c7, ya ɗago ya kalli alƙali ya mayar da ido kan allo, duk inda ya kai ta asara ce, ya fi minti biyar hannunsa a wurin agogo na tafiya. Wannan wace waya za ta koya maka shi?

Injiniya:
Wannan ba laifin inji ba ne ai, laifin mai danna maɓallin ne. Ana iya kashe komawa baya a saituna. Wanda ya ga dama ya kashe.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda maganar ta zo. 'Yata tana aji biyu na ƙaramar sakandare, a makaranta aka koya musu wasan ta kamu da sonsa, yanzu kullum bayan ta dawo Islamiyya wayata take karɓa ta buga da kwamfuta. Ni ban iya ba, babanta ma bai iya ba, kuma ba zan bar ta ta je majalisar maza ba, wasa da baƙi a intanet ma hankalina bai kwanta da shi ba saboda saƙonnin da ake turowa. To in kun ce kwamfutar ba ta da amfani mu ya za mu yi?

Malam Lawal Kongo:
Hajiya ba mu ce ba ta da amfani ba, Allah ya raya mana Ilham. Amfaninta ma yana da yawa in an san inda za a sa ta. Bari in faɗi yadda nake sa ɗalibaina su yi, Abdul kai ma ka saurara.

Inda inji ya fi kowane malami shi ne ƙarshen wasa. A Lichess akwai wurin da kake jera kaya da kanka a kan allo sannan ka ce kwamfuta ta ci gaba daga nan. Ta jera sarki da ruk, wato mai kamar hasumiyar nan, a nata ɓangaren, sarki shi kaɗai a ɓangaren kwamfuta, ta sa mataki na 8, mafi ƙarfi, kar ta rage ko kaɗan. Aikinta ta kashe wannan sarkin kafin tafiya 50 ta cika, domin doka ita ce in aka yi 50 ba a ci komai ba kuma ba a motsa soja ba to ana iya neman canjaras. Da farko za ta yi ta bin sarkin da cek, wato kai masa hari kai tsaye, yana zagaya allo, sai a hankali ta gane cewa ruk katanga yake yi, yana rage wa sarkin fili layi bayan layi, nata sarkin kuma shi ke takowa ya tsaya fuska da fuska da shi, kuma akwai lokacin da tafiya mafi kyau ita ce ruk ya ɗan gusa gida ɗaya kawai ya bar abokin karawa ya shigo da ƙafarsa. In ta iya wannan sai sarki da sarauniya, a nan ta kiyayi rufe sarkin a lungu ba tare da cek ba, yara da yawa suna zubar da wasan da suka riga suka ci a wurin nan. Sai sarki da soja ɗaya, ta buga ɓangaren mai sojan, ta juya ta buga ɓangaren mai tsaro. A irin wannan aikin ƙarfin injin shi ne alherinsa, domin ba zai taɓa yi mata sassauci ba, kuma ba zai gaji ya ce yana da wurin zuwa ba ko sau nawa ta maimaita. Ni kaina ba ni da wannan haƙurin, ba kuma wani malami da yake da shi.

Na biyu, duba wasa bayan an gama. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi mutane ke tsallakewa. Kafin ka kunna injin ka bi wasan da kanka, ka rubuta a takarda inda kake jin abu ya lalace da abin da kake tunani a lokacin. Sannan ka kunna. In ya nuna maka +1.0 yana nufin fari yana gaba da kimanin darajar soja ɗaya, a lissafin da aka saba soja 1 ne, doki da bishof 3, ruk 5, sarauniya 9. Kar ka ɓata lokaci a inda ya ce 0.3 ta koma 0.1, wannan ba matakinku ba ne. Nemi inda lambar ta yi tsalle, inda ya sa alamar tambaya biyu, alamar babban kuskure, ka tsaya a nan ka rufe amsarsa ka nemo da kanka. Wanda ya buɗe injin tun farko yana gyaɗa kai yana cewa ai na gani, bai ga komai ba, gobe zai sake yin irin ta.

Game da zama da mutum kuwa Hajiya, ba sai majalisa ba. Ki yi magana da malamin da ya koya musu, ƙawaye biyu uku su riƙa haɗuwa a gidanki ranar Asabar da allo na roba. Ya wadatar.

Hafsat:
Maman Ilham ni ma haka na fara, da ƙanina a tsakar gida. Kuma a Lichess akwai saitin yara da yake rufe hira da saƙonni gaba ɗaya, ki sa wani ya kunna mata. In kina so ki min magana ta gefe, ina Tudun Wada, zan iya zuwa in buga da su wani lokaci in Allah ya yarda.

Maman Ilham:
Kai amma na gode, Allah ya saka da alheri Malam, Hafsat zan neme ki insha Allah.

Abdul Samaru:
Malam to buɗe wasa fa? Ni yawanci abin da nake yi kenan da injin, ina haddace layukan da ya ce su ne mafi kyau.

Malam Lawal Kongo:
Nan ne ma ya fi cutar da irinku. Ka haddace tafiya goma sha biyu, abokin karawarka ya kauce a ta huɗu domin shi bai ma san littafin ba, sai ka tsaya da haddar da ba ka san dalilinta ba. A zaɓen tsangaya abin da za ka fi haɗuwa da shi shi ne mai fito da bishof c4 da sarauniya h5 yana neman sojan f7 na kusa da sarki tun tafiya ta huɗu, da mai turo sojojin gefe ba tsari. Ka san yadda ake hukunta waɗannan? Shi ya kamata ka sa a gaba. Ka jera wurin ka buga da injin daga nan har sai ka ga yadda ake korar sarauniyar da ta fito da wuri kana fito da kayanka a lokaci guda.

Ka duba Gukesh na Indiya, wanda ya ci Ding Liren a Singafo a Disambar 2024 ya zama zakaran duniya yana da shekara 18. Kocinsa na yarinta Vishnu Prasanna ya nisanta shi da injin a shekarun koyonsa, ya bar shi yana lissafi da kansa, ya zama girandmasta, babban matsayin gwanayen ces, a 2019 yana ɗan shekara 12. Daga baya ne ya rungumi injin sosai. Namu na gida ma Tunde Onakoya, wanda ya yi awa 60 yana buga wasa a Times Square a Afrilun 2024, a shagon aski ya fara ganin wasan a Ikorodu, cikin mutane.

Injiniya:
Malam na yarda da batun hadda. Amma kar a manta injin ma ya koya wa manya sabon tunani ba lissafi kaɗai ba. Injin AlphaZero a ƙarshen 2017 dokokin wasan kawai aka ba shi ya yi ta bugawa da kansa, aka haɗa shi da Stockfish na lokacin wasa 100, ya ci 28 sauran 72 canjaras, ba a ci shi ko ɗaya ba. Kuma salon da ya zo da shi, ba da soja domin kayanka su samu hanya, tura sojan h na bakin allo har can gaba, manyan 'yan wasa sun ɗauka. Haka a wasan Go na mutanen Sin da Koriya da Japan, mai layi 19 sau 19, injin AlphaGo ya ci gwanin wasan Lee Sedol 4 da 1 a Seoul a Maris 2016, tafiya ta 37 a wasa na biyu masu sharhi da farko sun zaci kuskure ne.

Hafsat:
Amma shi Lee Sedol ɗin ya ajiye wasan a 2019 kuma cikin dalilansa har da cewa akwai abin da ba za a iya ci ba ko ka zama na ɗaya. Wannan ɓangaren yana taɓa ni gaskiya. Shi ya sa ba na son mai koyo ya riƙa buga cikakken wasa da mataki na 8, kullum a niƙe ka ba ka ma san ta ina aka shigo ba, zuciya tana mutuwa. Na san waɗanda suka bar ces saboda haka.

Baba Tela:
Salamu alaikum samari da 'yan mata. Jikana ne ya sa ni a wannan zaure kuma shi ke rubuta min. Ni ces ɗinku ban iya ba, dara da diraf na sani, tun muna yara a ƙofar gida muke haƙa ramuka a ƙasa, wani ya ɗauki tsinken kara wani ya ɗauki tsakuwa. Abin da zan ce wa yaron nan Abdul, wanda ya koyi tuƙi a fili ba kowa ya iya sitiyari da giya, wannan gaskiya ne kuma ba a raina shi, amma ranar da ya shigo Kwangila da yamma ga tirela ga 'yan acaɓa ga mai keke ya tsaya a tsakiyar hanya, ranar zai san akwai sauran karatu. A dara rabin wasan a fuskar mutum yake. Ina kallon inda idonka ke komawa, ina jin yadda numfashinka ya canza in na kai hannu wani rami, wani lokaci in kai hannun da gangan in janye don in ga me za ka yi. Ga 'yan kallo a kanka kowa na gyaran murya. In ba ka saba da wannan ba ko ka fi kowa lissafi za a cinye ka.

Abdul Samaru:
Allah ya ƙara girma Baba, na ji kuma na gode.

Ɗan Gyallesu:
Baba ya gama magana.

Abu Ammar:
Ni tunatarwa ce kawai, ko da mutum ko da inji a kula da lokacin salla, wayar nan tana da jan hankali, ka ce wasa ɗaya sai ka ji an tayar da iƙama. Kuma a nisanci sa kuɗi. Hukuncin wasan kansa malamai sun yi saɓani tun da, kowa ya koma wa malaminsa.

Admin:
Mun gode Abu Ammar, tunatarwa ta yi. A bar batun hukunci a nan don Allah kar mu fita daga kan magana. Sannan tunda ana batun inji, ina ƙara jan kunne a kan gasarmu ta intanet ta ƙarshen wata, duk wanda ya buɗe inji a waya ta biyu yana wasa da ɗan uwansa za mu cire shi, shafukan ma suna ganewa suna rufe akawun.

Sadiq:
Baba Tela ranka ya daɗe, zuwanka ya min daɗi domin dama ina neman irinku. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a ABU kuma aikin da nake so in yi na kammala karatu shi ne manhajar dara da mutum zai buga da waya ko ba data. Yadda irin waɗannan injuna ke aiki a sauƙaƙe, injin zai ce in na yi kaza shi zai yi kaza ni kuma in yi kaza, ya bi kowane reshe zuwa wani zurfi, ya ba kowane wuri maki, sannan ya zaɓi hanyar da ko abokin karawa ya yi mafi kyawun abin da zai iya shi ne dai da riba. Rassan da ya ga ba za su kai ko'ina ba sai ya yanke su don kar ya ɓata lokaci. Da wannan hanyar da kuma taskar ƙarshen wasa Jonathan Schaeffer da mutanensa a jami'ar Alberta ta Kanada suka warware diraf mai gida 64 a 2007, suka tabbatar in kowa ya buga ba kuskure canjaras ne. Namu na nan mai gida 100 da 'ya'ya ashirin-ashirin ya fi wancan faɗi sosai.

Matsalata ba lissafin ba ce, dokokin ne da kuma yadda zan ba wuri maki. Abin da na sani, rami 30 ne, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12, ana fara zubawa ɗaya bayan ɗaya, in an gama sai a fara gusawa gida ɗaya gaba ko baya ko gefe ban da karkace, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗaya na abokinsa. Haka ne?

Baba Tela:
Haka ne yarona amma ka bar abubuwa. Lokacin zubi ba a jera uku, ko ka jera ba ci ba ne. Huɗu a layi kuma ba ci ba ne, uku ne cif. Kuma wasan duk a zubin yake, gwani tun yana zuba na bakwai na takwas ya riga ya san inda zai samu wurin da zai riƙa buɗewa yana rufewa, ɗa ɗaya yana kai da komo tsakanin layi biyu, duk motsi ci. In mutum ya kafa maka wannan kuma ba ka da abin toshewa a kusa to ka tattara tsakuwarka kawai. In injinka yana ƙirga yawan 'ya'ya ne kaɗai to yaran unguwarmu ma za su cinye shi.

Sadiq:
Wannan shi ne abin da nake nema wallahi. Kenan dole in ba irin wannan wurin maki mai yawa tun kafin a fara ci, in kuma ƙirga ramukan da kowane ɗa zai iya gusawa, domin wanda aka toshe kamar babu shi ne.

Malam Lawal Kongo:
Sadiq ga shawara tunda kai za ka gina naka, kar ka maimaita abin da muka fara magana a kai. In za ka yi mataki mai sauƙi kar ka sa shi ya riƙa zubar da ɗa haka kawai. Ka zauna da su Baba ka rubuta irin kuskuren da sabon hannu yake yi, mai rububin cin farko ya bar layinsa a buɗe, mai cusa 'ya'yansa a gefe ɗaya lokacin zubi, sai matakin ƙasa ya riƙa yin waɗannan. Ko manya kuskurensu yana da kama. Vladimir Kramnik yana zakaran duniya a 2006 a Bonn ya bar injin Deep Fritz ya kashe shi a tafiya ɗaya, sarauniya ta sauka h7, dokin da ke tsare mata yana f8, wurin da ido bai saba ganin dokin abokin gaba ba. Ya yi dogon lissafi a wani gefen bai ga abin da ke gaban sarkinsa ba. Mai koyo in ya ci injin da ke irin wannan kuskuren ya koyi abin da zai yi masa aiki a gaban mutum.

Injiniya:
Sadiq ka kula da batir da zafin waya ma, yawancin masu buga dara ba manyan wayoyi ne da su ba kuma ga halin wuta. Ka sa iyaka a zurfin lissafin. Abdul kai ma in data ta yi wuya akwai DroidFish a Android, Stockfish ne a ciki kuma ba ya buƙatar intanet, za ka iya jera ƙarshen wasan da Malam ya faɗa a ciki.

Ɗan Gyallesu:
Diraf ɗin waya ma matsalarsa kenan, dokar ƙasa da ƙasa ta ce dole ka bi hanyar da ta fi yawan ci, mu kuma a majalisarmu in ci biyu ya zo maka kai ke zaɓa. Sai ka saba da ɗaya ka zo ana rigima da kai a ɗayan.

Sadiq:
Shi ya sa nake so in sa zaɓin dokoki a farko. Baba saura tambaya biyu, in mutum ya jera uku zai iya ɗaukar ɗa daga cikin ukun da abokinsa ya riga ya jera? Kuma yaushe wasa ke ƙarewa?

Baba Tela:
Ƙarewa dai in mutum ya koma saura biyu ai ba shi da abin jera uku, an cinye shi. Ta farkon kuwa a wurinmu ba a taɓa jerarren uku matuƙar akwai wani a waje, amma na buga da mutanen da suke ɗauka ko ina ne, kuma kowa zai rantse maka nasa ne na asali. Kar ka rubuta nawa kaɗai. Ka zo shago bayan la'asar ranar da ba ka da lacca, jikana zai turo maka kwatance, akwai dattawa biyu da muke zama da su ɗaya mutumin cikin birni ne ɗaya daga Giwa yake zuwa, ka zo da littafinka ka ji na kowa.

Sadiq:
To Baba, ranar Alhamis insha Allah. Zan zo da wanda zai riƙa ɗaukar hoton zubin in kun amince, domin shi ne ban san yadda zan ba maki ba har yanzu.